Me ya sa jirgi ke zarce titinsa idan dusar ƙanƙara ta zuba?

Malam, ka ce jirgin sama yana da birki, to me ke sa shi zarce ƙarshen titi? Ai birki ba ya ci sai taya ta kama ƙasa, a kan santsi kuwa zamewa kawai take yi.

Shi ya sa a irin wannan rana matuƙi ba ya lallaɓa sauka. Da gangan yake dire jirgin da ɗan ƙarfi a farkon titi, don tayoyin su huda dusar su fara juyawa. Nan take fayafayan kan fukafukai su miƙe su danne shi, a kuma juya ƙarfin injin ya tokare shi. Aka ɗan yi jinkiri, titi ya ƙare.

Haka ta faru a filin jirgin sama na Midway da ke Chicago, Amurka, ranar 8 ga Disamba 2005. An makara wajen juya injin, ga iska ta baya. Jirgi ƙirar Boeing 737 ya fasa shinge ya hau mota, yaro ɗan shekara 6 da ke cikin motar ya rasu.

Yanzu ana ba matuƙi lambar yanayin titi, daga 6 (busasshen titi) zuwa 0 (mafi munin santsi). In 0 ce, ba wata shawara, sai wani filin.