Mai hoton biki a Birnin Kebbi

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki zaɓi mai hoton bikinki. Kada hotuna biyar ɗin da ya zuba a Instagram su ruɗe ki. Ki ce ya nuna miki hotunan biki guda gaba ɗaya, musamman na dare, domin a nan ake gane gwani. Wajen kamu da sa lalle, in gidanku ba sa son namiji cikin mata, nemi mace tun da wuri, ba su da yawa.

Da zafin Afrilu kwalliya narkewa take yi, don haka ku ɗauki hoton waje bayan La'asar. Kuɗi kuwa, ba da rabi, sauran sai hotuna sun shigo hannunki, kuma a rubuta ranar.