Ku Tambayi Injiniya: Burtsatse, Sokawe da Ruwan da Ba Ya Isa Ƙarshen Layi

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan fitowar duk a kan ruwa suka taru, mai shiga gida da mai fita daga cikinsa. Mun zaɓi biyar mun taƙaita, injiniyoyin filin suka amsa.

Tambaya: Ni ne shugaban kwamitin unguwarmu. Mun tara kuɗi za mu haƙa burtsatse don gidaje 60. Mai haƙa ya ce shi zai yi komai, ɗaukar injiniya mai ba da shawara ɓarnar kuɗi ce. Me injiniyan zai ƙara mana?

Amsa: Malam shugaba, Allah ya taimaka. Ka lura da abu ɗaya tukuna: galibi mai haƙa ana biyansa ne a kan zurfin da ya haƙa da kayan da ya zura. Bai dace mutumin da zai karɓi kuɗin ya zama shi ne kuma zai ce zurfin ya isa, ko kaurin bututun ya yi ba. Injiniya mai ba da shawara naku ne. Shi zai tsara aikin, ya rubuta ƙa'idarsa da ƙididdigar kaya, ya tsaya a kai a madadinku har a gama.

Da lissafi zai fara. A ce kowane gida mutum 8, kun kusa 500 ke nan. Idan famfo a tsakar gida yake, ana ƙiyasta wa mutum lita 50 a rana, wato lita 25,000. A ƙara kashi 20 cikin 100 saboda yoyo da ƙaruwar jama'a, ya zama 30,000. In injin zai yi awa 10 yana aiki, rijiyar sai ta iya ba da lita 3,000 a awa. In kuwa da hasken rana za ku tafi, awannin da rana ke da ƙarfi kamar 6 ne, buƙatar ta kai lita 5,000 a awa. Wannan adadi shi ke yanke girman komai, daga injin har tanki.

Sai binciken ƙasa. Ana kafa sandunan ƙarfe a jere, a tura lantarki, a auna yadda ƙasa ke barinsa ya wuce a zurfi daban-daban. Inda dutse mai tauri ke ƙarƙashi, ruwa a ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsagogi yake, shi ya sa tazara kaɗan kan raba rijiya mai ruwa da busasshiya. Binciken kasada yake ragewa, ba ya ba da tabbaci, don haka a rubuta tun farko wa zai ɗauki asara in rijiya ta fito ba ruwa.

Ranar haƙa ce ranar da aka fi cutar masu aiki, domin abin da aka binne ba mai sake ganinsa. Injiniya zai sa a riƙa ɗibar ƙasar da ke fitowa duk mita ɗaya ko biyu, a jera, don a san daidai inda za a sa bututu mai tsaga-tsaga, wanda ruwa ke shiga ta cikinsa. Zai duba tsakuwar da ake zubawa a kewayen bututun: wankakkiya, mai zagaye, ƙanana kamar milimita 2 zuwa 4, ba fasasshen dutsen gini ba. Zai tabbatar an toshe saman ramin da siminti, a ƙalla mita 5, don kada ruwan kwata ya bi gefen bututu ya gangara. Bayan haka a hura iska a wanke rijiyar har ruwa ya fito garau ba yashi.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne gwajin zuƙa. Ana zuƙar ruwa da adadi ɗaya na tsawon awa 24 ko fiye, ana auna yadda ruwan ke sauka, sannan a kashe a ga saurin dawowarsa. Kada ku sayi sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa, kafin wannan gwajin. Rijiyar da ke ba da lita 2,000 a awa, in aka zura mata injin lita 5,000, ruwa zai ƙare ya riƙa shan iska, ya jawo yashi, injin ya ƙone cikin watanni. A rataye injin 'yan mitoci ƙasa da inda ruwa ya tsaya a lokacin gwaji, kuma kada ya yi daidai da bututun tsaga.

Daga nan a kai ruwan ɗakin gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna ƙazantar bayan gida ta shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid kada ya wuce 1.5. Ku riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin ɗan kwangila har shekara ta zagayo, ku kuma karɓi takardar zurfi, wurin tsaga da sakamakon gwaji ku adana. Duk mai gyaran da zai zo nan gaba da ita zai yi aiki.

Tambaya: Gidanmu mutum 20 ne. Sokawenmu cika yake duk bayan wata huɗu, ga wari, ga bayan gida ba ya wucewa. Mu ƙara masa zurfi ne?

Amsa: Hajiya, kada a ƙara zurfi tukuna. Abin da ake kira sokawe a dunƙule abu biyu ne masu aiki daban. Akwai tankin masai, wanda aka shafe da siminti ba ya yoyo, inda ƙazanta ke kwantawa ƙwayoyin halitta su narkar da ita. Akwai kuma ramin tsotsewa, inda ruwan da ya tsatso daga tankin ke shiga ƙasa. Cika duk wata huɗu alama ce ramin tsotsewa ya daina sha, domin gwiɓa kaɗai ba ta cika tanki da wannan saurin.

Ga girman da ya dace da ku. In kowa na fitar da lita 80 a rana, lita 1,600 ke nan, kuma ruwan na bukatar ya kwana a ciki. Gwiɓa kuma kamar lita 40 ce ga mutum a shekara, ta shekara 3 ta zama lita 2,400. Jimilla 4,000. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 1, zurfin ruwa mita 1.5 ya wadatar, a bar santimita 30 a sama. A raba shi ɗaki biyu, na farko mita 2, na biyu mita 1.

A buɗe marfi a duba bakin bututun shiga da na fita. Kowanne ya kamata a ce yana da haɗi mai siffar T da ya nutse cikin ruwa, na shiga ya fi na fita tudu da kamar santimita 7. In T ɗin fita ya faɗi, ko ba a sa ba tun asali, maiƙo da gwiɓa za su bi ruwa su liƙe bangon ramin tsotsewa kamar an shafe shi. Wannan ne sanadin da aka fi samu. Ruwan kicin ya bi ta akwatin tare mai, ruwan sama na rufi kuwa kada ya shiga sam. Bututu mai faɗin milimita 100 ya gangara santimita 1 a kowane santimita 40, kuma a sa bututun iska da ya wuce rufin ɗaki, shi zai ɗauke warin.

Kafin a haƙa sabon rami a gwada ƙasar. A yi ƙaramin rami santimita 30 kowane gefe a zurfin da ake nufi, a cika shi da ruwa ya kwana, washegari a sake zubawa a duba agogo. In ruwa ya haura awa ɗaya bai sauka santimita 2.5 ba, yumɓu ne, ba zai sha ba komai zurfi. Sai a koma dogayen ramuka marasa zurfi masu tsakuwa da bututu mai huji, ko wani tsarin da injiniya zai zana.

Zurfi ma haɗari ne. Gindin rami ya tsaya a ƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina, ya kuma nisanci rijiya da mita 30, a gangare ba a tudu da ita ba. A Landan a 1854, kwalarar da ta kashe ɗaruruwan mutane a kewayen titin Broad, likita John Snow ya gano daga famfon rijiya ɗaya take, daga baya aka tarar ramin masai na dab da rijiyar yana yoyo.

Roƙonmu ga kowa: kada a bar mutum ya shiga tankin masai. Iskar cikinsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci daina jin ta yake, mutum ya faɗi nan take, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Kada a leƙa da ashana ko sigari, akwai gas mai kamawa. Motar kwasar masai ta zuƙe, a bar 'yar gwiɓa kaɗan a ƙasa ta zama iri.

Tambaya: Ni ke kula da tankin makaranta mai lita 10,000. Nawa zan zuba na garin kulorin?

Amsa: Malam, ba mu da adadi ɗaya da za mu ba ka, saboda kowane ruwa da yadda yake cin kulorin. Amma gwajin mai sauƙi ne. Garin kulorin da ake kira HTH ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ne. Ka auna giram 15, ka dama a lita ɗaya ta ruwa cikin roba, ka bari farin gari ya kwanta, ka tsiyaye na sama. Ka jera bokiti huɗu masu lita 10 na ruwan tankin, ka zuba musu mililita 1, 1.5, 2 da 2.5 da sirinji, ka motsa, ka jira minti 30. Sai ka gwada kowanne da ƙwayar DPD mai lamba 1, wadda ke mayar da ruwa ruwan hoda. Ka zaɓi bokitin da ya nuna sauran kulorin miligiram 0.5 a lita. In na 1.5 ne, tankinka lita ɗaya da rabi na haɗin yake so, wato kamar giram 23 na gari.

Ka riƙa zubawa tanki na cika don ya gauraya, a jira rabin awa kafin a sha. A famfo mafi nisa kada saura ya gaza 0.2. Sharaɗi biyu: ruwan ya zama garau, dagulewarsa ƙasa da 5 a ma'aunin dagulewar ruwa (NTU), kuma pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ƙasa da 8. Ƙwayoyin cuta na ɓuya a cikin laka, saboda haka ruwan da ya dagule sai an sa masa alum ya kwanta, an tace, sannan kulorin. Garin a ajiye shi a rufe, a inuwa, nesa da man fetur da asid, ka sa safar hannu.

Tambaya: Layinmu gidajen farko na samun ruwa da ƙarfi, mu na ƙarshe sai ɗigo. An ce mu sayi babban inji.

Amsa: Ɗan'uwa, in daga tanki ruwan ke gangarowa, babban inji tanki kawai zai cika da wuri, ba zai ƙara muku komai ba. Tudu ke ba ruwa ƙarfi: kowane mita 10 na tsayi na ba da ƙarfin "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa. Tankin da ke kan mita 6 ƙarfinsa 0.6 ne, kuma gogayya da bangon bututu na cinye shi a hanya. Faɗin bututu ne ke da babban tasiri. In aka tura ruwa adadi ɗaya ta bututun milimita 25 maimakon 50, asarar ƙarfi na ninkawa kusan sau 30.

Ka ɗaura ma'aunin ƙarfi a famfonka, ka karanta da tsakar dare da kuma safiya lokacin da kowa ke ɗiba. In da dare ƙarfi ya hau, da safe ya faɗi, bututu ne ya yi ƙanƙanta. Magani a canja babban layi, ko a haɗa ƙarshensa da wani layin ya zama zobe, ruwa ya zo ta fuska biyu. In da daren ma ba ƙarfi, a nemi ɗayan huɗu: gidanku ya kusa tsayin tankin, bawul a rufe rabi, iska ta maƙale a inda bututu ya hau tudu, ko yoyo. Don gane yoyo, a cika tanki da dare, a rufe kowane famfo, a yi alama, a duba da asuba.

Abin da muke hanawa da babbar murya shi ne kowa ya haɗa ƙaramin inji kai tsaye da layi yana zuƙa. Maƙwabta za su rasa, bututu kuma zai riƙa tsotsar ruwan kwata ta mahaɗai masu yoyo ya kai cikin gidaje. Wanda ke son inji ya tara ruwa a tankin ƙasa, ya tura daga nan.

Tambaya: Ruwan burtsatsenmu na ja, yana ɓata fararen kaya. Guba ne?

Amsa: Malama, mafi yawa sinadarin ƙarfe ne, da ya wuce miligiram 0.3 a lita yake fara tabo da ɗanɗanon tsatsa. A irin wannan adadi ba ya cutarwa, amma a kai gwaji. Ki tara a farin bokiti. In ja ya fito da farko sannan ya washe, bututun ƙarfe ne ke tsatsa, a maye shi da na roba, a kuma duba ko pH ya gaza 6.5. In garau ya fito, bayan awa ɗaya ko biyu ya yi ja, daga ƙasa yake. A sa ruwan ya zubo ta faranti masu huji hawa uku ko huɗu ya sha iska, ya huta a tanki, ya bi ta matatar yashi mai kaurin santimita 60 ko fiye, a riƙa wanke yashin da ruwa ta baya duk lokacin da gudu ya ragu.