Faifan garmaho da sautin dijital, wanne ya fi?

Ɗana, ka ce kana jin masu kawo garmaho gyara a shagon nan suna rantsuwa cewa faifai ya fi CD da wayar hannu daɗin sauti, kana so ka san gaskiyar maganar. To, in dai maido da sauti yadda aka ɗauke shi ake nufi, dijital ya fi, babu tantama. Amma mutanen nan ba ƙarya suke yi ba. Akwai abin da kunnensu ke ji, kuma aikinka ne ka san mene ne.

Ɗaga faifan can ka duba shi a haske. Layi ɗaya ne siriri ya naɗe tun daga baki har ciki, sautin kuma a sassaƙe yake a bangonsa biyu, ɗaya na lasifikar hagu, ɗaya na dama. Allura na bi tana karkarwa, ɗan maganaɗisu da naɗaɗɗiyar wayar tagulla su mayar da karkarwar ta zama lantarki. Allura ba ta san bambancin murya da ƙura ba, duk abin da ta taka sai ta faɗa. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji ke nan.

Sauti mai kauri irin na ganga yana cin fili, yana iya ma fizge allura daga layi. Shi ya sa ake rage shi wajen yanka faifai, a ƙara siririn sauti, bisa ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai, da aka tsayar a Amurka a 1954. Ƙofar amfilifaya da aka rubuta wa PHONO ita ke mayar da kowanne matsayinsa. In mutum ya zo yana kukan garmahonsa ba ƙarfi ba kauri, kada ka yi saurin kwance shi, fara duba ko a ƙofar AUX ya soke wayar maimakon PHONO. Sannan faifan LP, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, zagaye 33 da sulusi yake yi a minti, ko allura na baki ko tana ciki. A baki tana cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya wajen 20. Fili ya ragu, sauti ya matsu, sai ka ji harafin sin yana fita a gurɓace a ƙarshen faifai.

CD kuwa, da Sony da Philips suka fitar a 1982, auna sautin ake yi sau 44,100 a kowace daƙiƙa a rubuta shi da lambobi. Wannan ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, tunda iyakarsa wajen kaɗawa 20,000 ce a daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa a CD ta kai desibel 96 a ma'aunin ƙarfin sauti, faifai mai kyau da ƙyar yake kai 70. Lambobi kuma ba sa cinyewa don an saurare su, faifai kuwa duk juyi allura na ɗan goge shi.

To daɗin fa? Allura na sassauta kaifin siririn sauti, ta ƙara wata 'yar gurɓacewa mai laushi da kunne ke so, kamar ƙamshin hayaƙi a tuwon da aka tuƙa da itace. Ni ma ina sonta, amma ƙari ce, babu ita a ɗakin da aka ɗauki muryar. Na biyu, tun shekarun 1990 masu haɗa sauti ke matse dijital don ya yi ƙara, har ya gajiyar da kunne, faifai kuwa ba ya jure irin wannan matsi. Laifin mai haɗawa ne. Na uku shi ya fi yawa a nan Jidda: mutum ya saurari faifan tsofaffin masu karatun Alƙur'ani na Masar a manyan lasifikoki a falonsa, sannan ya gwada da MP3 da ya sha turawa a WhatsApp, ta lasifikar waya. A ma'aunin yawan bayanan sauti, CD na ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 ɗin ƙila 128. Ina adalci a wannan gwaji?

Ka riƙe abu biyu na ƙasar nan. Wutar Saudiyya hatz 60 ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Sudan 50. Garmahon da injinsa ke bin bugun wuta, in an kawo shi daga gida, zai yi zagaye 40 maimakon 33 da sulusi, muryar dattijo ta koma ta yaro. Tiransifoma ba ta maganin wannan, sai an canza ƙaramar fulin da bel ke hawa. Sai zafi: faifan da ya wuni a mota da rani ya lanƙwashe. Ka riƙa gaya musu su jera shi a tsaye, a inuwa.

Gobe bayan La'asar ka haɗa garmaho da na'urar CD a amfilifaya ɗaya, lasifika ɗaya, karatu ɗaya. Ka daidaita ƙarfinsu sosai, don kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne. Sai ka juya baya, ni zan riƙa sauyawa, kai kana faɗa mini wanne ne wanne.