Aka ba shi maganin barci, sai ya birkice

'Yar'uwa, kin ce kafin a ɗinke wa ɗanki rauni a wani asibiti a nan Kumasi an ba shi maganin da zai sa ya lafa, sai ya hau ihu da shure-shure, har bai gane ki ba. Ba aljanu ba ne, kada matan Zango su sa ki turara masa hayaƙi. Midazolam, ɗaya daga cikin irin waɗannan magungunan, kan yi wa yara ƙalilan haka, musamman ƙanana. Da maganin ya sake shi abin ke wucewa, galibi ma ba ya tuna komai. In ya tsananta, likita na da allurar flumazenil da ke karya ƙarfinsa. Ki tambayi sunan maganin, a rubuta a katinsa, ki nuna wa likita kafin wani aikin.