Maigida ya riƙe mini albashi: ya halatta in ɗebi haƙƙina daga kuɗin da ke hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani wurin sayar da kaya, ni ke karɓar kuɗin ciniki, in miƙa lissafi da yamma. Da za a ɗauke ni mun yi magana a kan awa 8 a rana, yanzu sai in kai awa 11 ba ƙarin komai. Wata 3 ke nan ba a biya ni ba, kullum sai a ce gobe, alhali ciniki na tafiya. Ba mu rubuta komai ba. Abokin aikina ya ce in riƙa cirewa kaɗan-kaɗan har haƙƙina ya cika, wai hadisin Hindu matar Abu Sufyan ya ba da dama. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yaye maka, ɗan'uwa.

Zan fara da maigidanka. In dai abin yadda ka faɗa yake, zalunci yake yi, kuma ba na jin nauyin kiran abin da sunansa. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai yi shari'a da su ranar alƙiyama. Na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, sannan ya hana shi ladarsa. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa taurin bashin mawadaci zalunci ne. Da a ce kasuwa ce ta juya masa baya, da na ce ka yi masa jinkiri saboda aya ta 280 a Suratul Baƙara. To ga kuɗi suna shiga ta hannunka kullum.

Rashin takarda bai rushe komai ba, domin ƙullin aiki yana tabbata da baki. Awa 8 ɗin nan ita ce abin da ka sayar masa na lokacinka. Duba yadda surukin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ɗauke shi aiki a Suratul Ƙasas, aya ta 27: ya yanke shekara 8, ya ce in ya cika 10 to daga gare shi ne, ya ƙara da cewa ba ya son ya tsananta masa. Ƙari kyauta ce daga ma'aikaci, ba a ƙwace ta. Tunda maigidanka ne ya buƙaci ƙarin awa 3 ɗin, yana da nauyin biyanka gwargwadon abin da aka saba biya a irin aikin.

Sai batun ɗiba. Malamai suna kiran wannan mas'alatuz zafar, wato mutum ya sami dukiyar wanda ya danne masa haƙƙi ta faɗo hannunsa. Abokinka bai ƙirƙiri hadisin ba. Hindu bint Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa marowaci ne, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Shafi'iyya sun faɗaɗa hukuncin, Hanafiyya suka yarda in abin da aka samu jinsin haƙƙin ne. Mashhurin Hanbaliyya hani ne, hujjarsu hadisin Abu Dawuda da Tirmizi: ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. A Malikiyya, Shaihu Halilu ya halatta a littafinsa Muhtasar da sharaɗin kada abin ya jawo fitina ko a jingina wa mutum abin kunya kamar sata, kuma a babin ajiya ya ce mai riƙe da ajiya ba zai ɗiba daga cikinta ba don an zalunce shi, ko da yake wasu masu sharhi sun rinjayar da halacci. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun raba mas'alar gida biyu: in dalilin haƙƙin a fili yake, kamar ciyar da mata, an yarda, in ɓoyayye ne, ba a yarda ba.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: kada ka ɗiba. Hindu tana cikin gidan mijinta, duniya ta san ciyarwa a wuyansa take, ba wanda zai kira ta ɓarauniya. Kai kuwa amana aka damƙa maka, kuma ba za ka iya cirewa ba sai ka rubuta lissafin ƙarya kowace yamma. Ƙaryar nan haramun ce mai zaman kanta. Ranar da giɓin ya fito, ko dai a kama ka ba takarda ba shaida, ko a zargi wani abokin aikinka da bai ji ba bai gani ba. Sharaɗin masu halattawa ma ya faɗi ke nan. Ga kuma kuɗin ƙarin awannin da ba a yanke adadinsu ba, da za ka zama kai ne mai ƙara, kai ne alƙali.

Wannan ba ya nufin ka naɗe hannu. Ni raina yana ɓaci in na ji an sallami wanda aka zalunta da kalmar haƙuri kaɗai, an bar azzalumi ba wanda ya ce masa uffan. Ka rubuta ranar da ka fara aiki da watannin da kake bi da awannin da ka ƙara, ka adana duk saƙon wayar da ya amsa bashin a ciki. Ka tunkare shi a gaban shaidu biyu, ka nemi ya sa rana a rubuce. Kana iya ce masa a fili ya ba ka izinin cire albashinka daga ciniki; in ya amince, ya halatta ba saɓani. In ya ƙi, ka kai maganar wurin wanda yake jin nauyi, sannan ƙungiyar ƙwadago ko hukumar da ke kula da ma'aikata, sannan kotu. Faɗar abin da ya yi maka a waɗannan wurare ba giba ba ce, domin aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyanawa, muddin bai ƙara gishiri ba.

Kana da damar tsayawa a awa 8, ko ka ajiye aikin, ka miƙa lissafi da makulli a gaban shaidu, bashinka yana nan a wuyansa. Amma muddin kana zuwa, kada ka yi ha'inci a aikin a ɓoye da sunan ramuwa. In kuma ka riga ka ɗibi wani abu, ka mayar da shi, ko ka bayyana a cire shi daga abin da kake bi.

Wallahu a'alam.