Ƙanwata mai shirin tahowa karatun likitanci, ga amsarki kan anatomi da fiziyoloji

Salamu alaikum ƙanwata, na ga saƙonki, kin ce kin samu gurbin karatun likitanci a nan waje amma an tsorata ki da anatomi da fiziyoloji, wai su ke kayar da ɗalibai a shekarar farko, kina so ki san me za ki fara dubawa kafin ki taso. Toh gaskiya suna da nauyi, ba zan ɓoye miki ba, amma yawancin waɗanda na ga sun sha wuya hadda suka sa a gaba, mutum ya kwana yana cusa sunaye a kai, bayan sati ɗaya duk sun zube.

Anatomi shi ne ginin jiki, me ke ina kuma me ke maƙwabtaka da me, fiziyoloji kuma yadda abin yake aiki. Don Allah kar ki raba su, duk abin da kika gani ki tambayi kanki me ya sa aka yi shi haka.

Ɗauki zuciya. Ɗakuna 4 gare ta, biyu sama biyu ƙasa, ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗauko oksijin, na hagu ya karɓe shi daga huhu ya harba shi ko'ina tun daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. Ranar da aka miƙo mana zuciyar mutum a tsage a ɗakin gawa na sa yatsu biyu na matsa bangon ɗakin ƙasa na hagu, wallahi kaurinsa ya kai kusan ninki uku na na dama, kuma dalilin a fili yake, huhu yana nan kusa, shi kuwa na hagu aikin nesa yake yi. Idan kin riƙe wannan kin riga kin fara gane abin da hawan jini ke yi wa mutum, bangon nan ya yi ta ƙara kauri saboda yana turawa da ƙarfi shekara da shekaru har ya gaji, jini ya riƙa taruwa ta baya a huhu, shi ya sa za ki ga mara lafiya ba ya iya kwanciya a miƙe sai an tara masa filo. Kin ga tun daga aji ɗaya kin leƙa asibiti ke nan.

Ƙoda ma haka. Kowace ɗaya tana da ƙananan matatai da ake kira nefron kusan miliyan ɗaya, su biyun suna tace ruwa kamar lita 180 a rana amma fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, sauran duk jiki ya mayar da abinsa. Rabin fiziyoloji a kan wannan daidaitawar yake tafiya, homiyostasis, zafin jiki ya haura digiri 37 zufa ta karyo, ya sauka ki fara makyarkyata, sukari ya hau a jini insulin ya fito ya sauko da shi.

Kafin ki zo, ki koyi tsayuwar anatomi, mutum a tsaye yana fuskantarki tafin hannunsa na kallon gaba, kuma dama da hagu na mara lafiya ne ba naki ba, wannan ƙaramin abu yana cinye maki ba kaɗan ba. Ƙasusuwan babba 206 ne amma kar ki fara da lissafa su, fara da jikinki. Sunkuyar da kai ki shafa bayan wuyanki, ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya galibi shi ne na 7 kuma na ƙarshe a jerin ƙasusuwan wuya, a ƙasansa akwai 12 masu riƙe da haƙarƙari sai 5 na ƙugu. Ki nemo bugun jini a wuyan hannu ta gefen babban yatsa ki ƙirga na minti ɗaya, na babba idan yana hutawa tsakanin 60 ne da 100. Sannan ki riƙa zane, ko bai yi kyau ba, ki zana hanyar jini daga zuciya zuwa huhu ya dawo ba tare da kin kalli littafi ba.

Ɗakin gawa kuwa, warin fomalin, maganin da ke hana gawa ruɓewa, zai sa ki hawaye a kwanakin farko amma ana sabawa, ki dai shiga da ladabi don jikin ɗan Adam ne a gabanki. Idan sun turo miki jerin kwasa-kwasan zangon farko ki turo min mu ga wane sashe za ku fara da shi. Allah ya ba da sa'a.