Tambayi Lauya: Kamu, Tsarewa da Dokar Ta'addanci

Wasiƙun wannan fitowar daga Zamfara da Kebbi suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya: ikon da gwamnati ta ƙara wa jami'an tsaro da sunan yaƙi da ta'addanci, da inda wannan ikon ya tsaya. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Maigidana ɗan kabu-kabu ne. Jami'an tsaro sun tafi da shi bisa zargin wai infoman 'yan bindiga ne, yau an shiga wata na uku ba kotu, ba a bari mun gan shi ba. Na ji ana cewa kwana ɗaya doka ta ce. Me ya sa nasa ya bambanta? Daga wata matar aure, Ƙaura Namoda.

AMSA: Malama, Allah Ya kawo mafita. Abin da kika ji gaskiya ne, amma da saura. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Sai dai sashen da kansa ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adin. Ta wannan ƙofar ake shigo da yawancin zarge-zargen ta'addanci.

Ga yadda aka zo nan. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, aka wallafa umarnin a gazet, wato jaridar sanarwa ta gwamnati, a Janairun 2022, lokacin Abubakar Malami yana Ministan Shari'a. A Janairun 2025 aka yi wa Lakurawa haka. Tun daga nan, zargin da a da za a kai kotun majistare da sunan fashi ko satar shanu yana iya faɗawa ƙarƙashin Dokar Hana Ta'addanci ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2011 da gyaranta na 2013. Sashe na 66 na wannan dokar ya ba alƙali damar amincewa a tsare mutum har kwana 60, kuma ana iya sabuntawa. Hukuma ce kaɗai take zuwa gaban alƙali ta nema, wanda ake tsare da shi ba ya wurin, lauyansa ma ba ya wurin. A ganina wannan shi ne wuri mafi haɗari a dokar, domin alƙali yana yanke magana ne da jin baki ɗaya, kuma ba a ƙayyade sau nawa za a sabunta ba. Kada a ɗauka 'yan daji kawai take kamawa: a Agustan 2024 da wannan sashen aka samu umarnin tsare mutum fiye da ɗari daga masu zanga-zangar tsadar rayuwa.

Duk da haka, ikon tsarewar a hannun alƙali yake. Jami'i ba ya da hurumin ba kansa kwana 60. Don haka tambayar farko ita ce: ina takardar umarnin kotu, wace kotu ce, wace rana aka sa hannu? Idan babu, tsarewar haramtacciya ce. Idan akwai kuma kwanakin sun cika ba a sabunta ba, ita ma haka.

Abin yi yanzu: ki rubuta ranar kamu, wurin, irin kayan da jami'an suka sa, lambar mota idan an gani, da mutum biyu da abin ya faru a idonsu. Ki kai wa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a Gusau kuma ba sa karɓar kuɗi. Lauya zai shigar da ƙarar neman haƙƙi a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya bisa ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009. Tunda yana tsare, ke ko ɗan'uwansa kuna iya yin rantsuwar a madadinsa, kuma kwana biyar ake ba wanda ake ƙara ya mayar da martani. Idan an gabatar da umarnin kwana 60, lauya zai nemi kotun da ta bayar ta soke shi ko ta ba da beli.

Inda iyalai suka fi yin asara biyu ne. Na farko, ba dillali kuɗi wai zai fito da shi. Kuɗin ya tafi, kuma babu wata takarda da ke nuna mutumin yana hannun hukuma. Na biyu, kai ƙara a kan hukumar da ba ita ke riƙe da shi ba, domin sau da yawa wanda ya kama daban, wanda ke tsarewa daban, wani lokaci ma an wuce da shi wata jiha. A sa duk hukumomin da ake kyautata zato a cikin ƙarar, kowace ta zo ta yi rantsuwa.

TAMBAYA: Ina da shago, ina sayar da burodi, lemo da katin waya. Wanda ya zo da kuɗi ba na tambayarsa daga ina yake. Ana iya cewa ina taimakon ta'addanci? Daga wani mai shago, Argungu.

AMSA: Alhaji, ana iya zarginka, tabbatarwa kuma wani abu ne daban. Dokar 2022 ta faɗaɗa ma'anar taimako har ya haɗa da kaya, sufuri, kuɗi da bayani, hukuncinsa kuma ɗaurin da bai gaza shekara 20 ba. Amma ta sa sharaɗin sani, kuma mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar cewa ka san ko su wane ne ka ba su. Sayar wa baƙo burodi biyu a bainar jama'a ba ya nuna sani. Abin da ke nuna shi: odar da ta fi ƙarfin ƙauyen, kai kaya bakin daji da dare, farashi ninki biyu, lamba ɗaya tana kiranka kullum. Ka riƙa rubuta manyan oda a littafi da kwanan wata. Kada ka ara wa kowa asusun bankinka ko na'urar POS a turo kuɗin da ba ka san tushensu ba, domin kuɗin fansa ta irin wannan hanyar suke bi, kuma sunan mai asusu ne yake fitowa. Wanda aka tilasta wa kai kaya da bakin bindiga ya sanar da hakimi da 'yan sanda da wuri, a rubuce, ya riƙe kwafi. Ɓoye bayani shi ma laifi ne mai zaman kansa a dokar.

TAMBAYA: Jami'i yana da ikon sauraron wayata, ko rufe layin gari baki ɗaya? Daga wani ɗalibi, Gusau.

AMSA: Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin waya, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, muddin da doka aka yi. Ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa (NCC) na 2019 sun ce sauraron waya sai da izinin alƙali. A halin gaggawa ana iya farawa, amma a nemi izinin cikin awa 48. Rufe layi kuwa kun gani da idonku a Satumban 2021, lokacin da NCC ta umarci kamfanoni su kashe sadarwa a duk Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Ba a ayyana dokar ta-ɓaci ta sashe na 305 ba, wadda sai Majalisar Tarayya ta amince. Wasiƙar hukuma ce ta yanke wa miliyoyin mutane waya da cinikin banki, wasu yankunan har wajen wata uku.

TAMBAYA: An zo neman yayana ba a same shi ba, aka tafi da mahaifinmu. 'Yan sa-kai ne suka nuna gidan. Daga wani matashi, Tsafe.

AMSA: Samari, wannan haramun ne kai tsaye. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 duk sun hana kama wani a madadin wani, kuma dokar ta'addanci ba ta ɗage wannan hanin ba. 'Yan sa-kai, har da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024, idan sun kama mutum wajibinsu su miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Idan an doki Baba don ya faɗi inda ɗansa yake, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya yi, kuma kotu ba ta karɓar iƙirarin da aka samu da duka. Ranar da ya fito ku wuce da shi asibitin gwamnati kafin tabon ya warke, ku karɓi rahoton likita mai hatimi, ku ɗauki hoto. Da su lauya zai nemi diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kamar yadda sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya tanada.